Tafin Hannun Mama a Kan Bonet

Furfura ta riga ta fara yi wa mijina sallama kafin ya sayi motarsa ta farko. Malamin gona ne a ƙaramar hukuma a Gella, ni kuma ina koyarwa a firamare a nan Mubi. Shekara da shekaru yana zama a tasha da jakarsa a cinya yana jiran bas ta cika, har direbobin hanyar suka san kujerar da yake so. Motar fara ce, ta hannu, amma jikinta sumul. Ranar da ya shigo da ita gida sai da ya zagaya ta kamar mai neman aurenta, ni ma ban tsaya a baya ba, na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fito.

Fasto ya zo ya yi mata addu'a, aka sha lemo, aka watse. Amma mijina ya ce ba a gama ba sai uwarsa ta gani. Bayan girbi muka kama hanyar Michika, muka wuce garin, muka bi wata 'yar hanya mai duwatsu har inda mota ba ta iya ci gaba. Gidansu yana can sama. Tsohuwar, wadda dukanmu muke kira Mama, ta ƙi yarda a ɗauko ta. Da sandarta ta sauko, tana hutawa a kan kowane dutse mai faɗi, wata jikarta budurwa na biye da ita riƙe da 'yar ƙwarya.

Ban kula da ƙwaryar ba. Na zaci gyaɗa ce za a ba mu.

Mama ta shafa motar daga fitila har ƙofa, don idonta ya riga ya yi rauni. Sai ta karɓi ƙwaryar. Jar ƙasa ce da aka kwaɓa da man maɗaci, irin wadda tsofaffin can suke shafa wa jariri da amarya da sabon rumbu. Kafin in buɗe baki ta tsoma hannun damanta har wuyan hannu, ta ɗora shi a kan farin bonet, ta wajen direba, ta danna da iya ƙarfinta.

Wayyo Allah. Ji na yi kamar a fuskata ta shafa. Mota fara sol, wadda ko yarana ban bari su jingina da ita ba.

Ta ɗaga hannun a hankali. Yatsu biyar suka fito ɗaya-ɗaya, har da zanen tafin. Ta juyo wajen ɗanta ta yi magana da yarensu, sannan saboda ni ta maimaita da Hausarta ta kan dutse:

"Yanzu mota ya san ni. Ba zai kayar da yaro na ba. Cikin sunan Yesu."

Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin, amma a raina sabulu nake lissafi. Muna kama hanyar dawowa na ce masa, "Baban yara, gobe da sassafe sai wurin wanki." Ya yi dariya ya ce, "Bar shi ya kwana biyu, maman yara. Ai ba cizo yake ba."

Kwana biyun nan ya yi tsawo. Rana ta gasa man, ƙasar ta kama jikin fenti ta zauna daram. Ina ta mita, yana ta cewa gobe. Muna cikin haka zafin bazara ya shigo, aka bugo waya cewa Mama ta kwanta da zazzaɓi. Kafin mu isa ta cika.

Bayan jana'iza ban sake ambaton sabulu ba. Na dai lura kullum da safe, kafin ya tayar da mota, yakan tsaya a gabanta ya dubi wurin. Ba ya taɓawa. In ya kai ta wanki bakin mayo, wato rafi, ba ya zama a benci kamar sauran masu mota. Tsayawa yake a kan masu wankin, ya zana musu iyaka da yatsa a iska, ya ce daga nan zuwa nan kada ruwa ya kusanta. Sai ka ga mota tana ƙyalli ko'ina, ga wani murabba'i mai dauɗa a gaba da jan hannu a tsakiya.

Mutanen Mubi kuwa ba sa ganin abu su yi shiru. Wani jami'i a shingen bincike ya leƙo ya ce, "Oga, ka buge mutum ne?" Wata 'yar zumuntar mata a cocinmu ta ja ni gefe ta tambaye ni, wai cikin ƙauna, ko mijina ya fara bin bokaye. Na ce mata hannun uwarsa ne, in tana da sauran tambaya ta hau dutse ta yi wa kabarin. Ba ta sake gaishe ni da fara'a ba, ni kuma ban yi asarar komai ba.

Na ce wa mijina ai muna da hoton abin a waya, ko ya goge ba a rasa duka ba. Ya dube ni ya ce, "Mama ta taɓa hoton?" Mama ba ta bar zane mai tsada ba, ba ta bar rubutu ba don ba ta iya ba, muryarta ma ba wanda ya taɓa ɗauka. Wannan tafin shi ne abin da ya rage wanda ita da kanta ta yi wa ɗanta.

Abin da muke tsoro shi ne damina. Wata Lahadi ana tsakiyar wa'azi aka fara yayyafi a kan kwanon cocin. Mijina, dattijon coci, wanda ko tari ba ya yi in fasto na magana, ya miƙe ya tsallake ƙafafun mutane ya fita da gudu. Na bi shi. Na same shi ya tuɓe kwat ɗinsa ya shimfiɗa a kan bonet, ya tsaya yana jiƙewa. Da yayyafin ya ɗauke muka ɗaga kwat ɗin, gefen ƙaramin yatsa ya ɗan dishe. Ranar bai ci abincin rana ba.

Ni ce na nemo maganar ledar. Wata malama da muke aiki tare ta nuna mini a wayarta: wata leda ce gani-har-hanji da ake manna wa jikin mota, ta kare fenti daga tsakuwa da karce da ruwa, kuma in an manna ta da kyau ba ka ma sanin tana wurin. Ta kwatanta mini shagon wani mutum kusa da kasuwa, mai sayar da rigunan kujera da sitika da baƙar ledar gilashi.

Mai shagon gajere ne mai surutu, amma ya san kayansa. Ya fito mana da guntaye iri biyu. Ta farko siririya ce, kamar ledar burodi. Ya ce wannan ita ce mai araha, kuma shi ba zai ba mu ita ba ko mun roƙe shi. Ya ja mu bayan shago ya nuna mana ƙofar wata mota da aka taɓa yi wa irinta. Ta koma ruwan ɗorawa, ta tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, kuma inda aka gwada ɓarewa ta tashi da fentin.

"Rana na Mubi ba ya wasa, Madam," in ji shi. "Wannan leda, shekara ba zai zagayo ba ya mutu."

Ta biyun mai kauri ce, tana miƙewa in an ja. Ya karce ta da makulli a gabanmu, ya tsiyaya mata ruwan zafi daga butar mai shayin da ke maƙwabtaka da shi, muna kallo karcen ya rufe. Na riƙe baki. Na shiga jero tambayoyi irin na malaman makaranta: shekara nawa take yi, da me ake wanke ta, in gefe ya ɗaga fa? Ya ce bayan an manna a bar ta ta huta kafin ruwa ya taɓa ta. Ban da omo, ban da soso mai kaushi, ban da fetur. Masu wanki da inji kada su saita bakin ruwan a gefenta. Kashin tsuntsu da ruwan itace a goge su da wuri da tsumma mai laushi. Duk na haddace, kuma zan faɗi gaskiya, ledar ba ta ci amanarmu ba. Har yau tana kan motar, ba ta canza launi ba, tsakuwar hanyar Gella ba ta yi mata komai ba.

Mijina duk wannan bayani bai dame shi ba. Ya kama hannun mai shagon ya kai shi gaban mota.

"Wannan nake so a rufe. Za a gan shi?"

Ya ba shi labarin a taƙaice. Mai shagon ya cire hularsa. Ya ce shi ma uwarsa ta rasu, ya san abin. Ya duba tafin da kyau ya ce leda ba ta kama mai, don haka zai fara fesa masa wani siririn ruwan fenti marar launi, ya bushe, sannan a ɗora leda a kan bonet gaba ɗaya.

"Oga, kamar hoto a cikin firam. Jikoki naka za su gani."

Sai dai ya ce shi hannunsa bai faɗa ba a kan mai kaurin. Zai yi odar ta, kuma zai ɗauko wani gwani daga Yola wanda aikinsa ke nan. Muka yarda. Muka koma gida muna jira, ido ɗaya a waya, ɗaya a sama. Duk yamma in hadari ya taso mijina yakan kifa babban bahon wankina a kan wurin ya danne da bulo. Na rasa baho, amma ban yi ƙorafi ba.

Ranar da kaya suka iso ta zo daidai da ranar rabon iri ga manoma a Gella, aikin da ba ya iya bar wa kowa. Da safe ya kai motar shagon, ya sake nuna wa mai shagon wurin, mutumin ya dafa ƙirji ya ce ya tafi hankali kwance. Gwanin Yola bai iso ba tukuna. Mijina ya hau bas kamar da, muka shirya in an tashi daga makaranta ni in wuce in ga aikin, shi kuma ya same ni can.

Keke ya sauke ni a bakin titi. Tun daga nesa na hango wata farar mota a ƙarƙashin rumfar shagon tana sheƙi kamar yau ta fito daga kamfani. Na ce a raina ta wani ce, tamu tana baya. Na matso. Lambar tamu ce. Littafi Mai Tsarki na mijina yana kan dashbod inda yake ajiye shi.

Bonet ɗin fari fat daga wannan gefe zuwa wancan.

Kaina ya ƙi karɓa. Na zagaya ɗaya gefen, wai ko na manta ta inda yake. Na dawo. Na sunkuya na kara kuncina kusa da ƙarfen ina kallo ta karkace, ko hasken ledar ne ya ɓoye shi. Fuskata kawai na gani, da baki buɗe. Jakar littattafan yara ta zame daga kafaɗata ta faɗi a cikin ruwan kumfa.

Wani dogon mutum mai ɗan gemu, ashe gwanin Yola ne, yana wanke hannu a gefe. Ya taso yana murmushi.

"Madam, mota naka ne? Ka ga aiki ko? Ko kumfa ɗaya babu a ciki."

"Ina hannun?" Muryar da ta fito ban san ta ba.

"Wane hannu?"

"Jan hannun da ke nan. Nan. Nan wurin!" Ina dukan iska da yatsa a saman bonet.

"Au, datti ɗin nan?" Ya girgiza kai irin na wanda ya sha aiki. "Kai, ya ba ni wahala. Sabulu ya ƙi, sifirit ya ƙi, sai da na sa injin goge. Yara ne suka yi wasa da manja ko? Amma ka duba yanzu, ko alama babu."

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Na san dai mai shayi ya bar tukunyarsa ya taho, masu keke sun tsaya, wata mata mai sayar da ƙosai ta riƙe ni ta baya tana cewa in yi haƙuri, alhali ba ta san me ya faru ba. Na faɗa wa mutumin nan maganganun da malamar makaranta ba ta faɗa a titi. A tsakiyar zagin ne na samu na ce masa hannun uwar mijina ne, ta mutu, kuma saboda shi kaɗai muka kawo motar.

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya dubi bonet, ya dubi hannuwansa da bai gama sharewa ba.

"Innalillahi," ya ce. "Wallahi ba wanda ya gaya mini."

Ya nemi benci ya zauna. Daga baya na ji yadda aka yi. An kira mai shagon zuwa tasha saboda wata rigima a kan kayansa, ya tafi da niyyar dawowa nan take. Gwanin ya iso bai same shi ba, ya buga masa waya, mai shagon a cikin hayaniya ya ce farar motar ce, yana zuwa. Shi kuwa mutumin yana son ya gama ya koma Yola da haske, kuma a sana'arsa ba a ɗora leda sai ƙarfe ya fita tas, ba mai, ba ƙura, ba tabo. Abin da ya saba yi a kan kowace mota shi ya yi a kan tamu, kuma ya yi shi da kyau. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, don na rasa wanda zan kama.

Mai shagon ya dawo yana share gumi yana ba da labarin rigimar tasha tun kafin ya iso. Da idonsa ya sauka a kan motar sai maganar ta tsaya. Ya ɗora hannu biyu a ka. Ya zagaya motar yadda na zagaya, ya sunkuya yadda na sunkuya. Sannan ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Madam, akwai dabara. Leda bai gama kamawa ba, za mu ɗaga. Ina da jan fenti. Hannu naka ƙarami ne kamar na tsohuwa. Ka danna, mu rufe, Oga ba zai sani ba."

Na dubi tafin hannuna. Ba zan ɓoye ba, na dube shi. Sai na tuna mutumin da ke tsayawa kowace safiya yana kallon kowane layi na tafin nan, na ce wa mai shagon in ya sake buɗe baki da wannan maganar zan juye masa fentin a ka. Ya ja da baya.

Wayata ta yi ƙara. Mijina ne, ana jin ƙugin bas a bayansa.

"Maman yara, an gama? Ya fito da kyau?"

Na ce, "Ka zo dai."

"To, ga mu nan mun kusa shiga gari."

Ban taɓa jiran da ya yi mini nauyi irin wannan ba. Mutanen da suka taru ba su watse ba, don labari ya riga ya zagaya. Mai ƙosai ta ba ni kujerarta. Gwanin Yola bai tashi daga benci ba, ya manta da maganar komawa da haske. Hadari yana haɗuwa ta gabas, ba wanda ya damu da shi.

Ya sauko daga keke da farar rigarsa ta aiki, riƙe da ledar mangwaro da manoma suka ba shi. Yana tafe yana murmushi, yana gaida mutane, yana mamakin taron. Ya miƙa mini mangwaron bai ko dubi fuskata ba, ya wuce kai tsaye gaban mota.

Ya tsaya.

Shi bai zagaya ba, bai sunkuya ba. Ya san wurin. Ya daɗe a tsaye, hannuwansa a sake. Mai shagon ya durƙusa a cikin ruwan kumfa yana ba da haƙuri, yana rantsuwa, yana bayanin tasha. Ban ga alamar mijina yana jinsa ba. Ni na shirya wa ihu, na shirya wa faɗa, har na ajiye mangwaron don in riƙe shi in ya kai wa wani hannu. Shirun nan ya fi ba ni tsoro, hawaye suka zubo mini.

Can ya juya ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya goge?"

Gwanin Yola ya miƙe. "Ni ne, Baba. Ban sani ba. Ka yafe mini."

Mijina ya gyaɗa kai a hankali.

"Da me ka goge?"

Mutumin ya nuna wani bokiti a gindin rumfa. Mijina ya je ya tsuguna. Ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu cikin baƙin ruwan, ya fito da tsummoki ɗaya-ɗaya yana warewa yana dubawa yana ajiyewa a gefe. Na ƙarshen guntun tsohon tawul ne, kuma a tsakiyarsa akwai jan tabo mai maiƙo. Bai matse shi ba. Ya ninke shi a hankali, jan a ciki, ya sa a aljihun gaban rigarsa.

Ya miƙe ya ce mini, "Maman yara, ɗauko mangwaron mu tafi gida."

Na bi shi zuwa mota ina kallon ruwan tsumman yana ratsa aljihun, ja-ja, yana gangarowa a kan farar rigar.